Babi na Tara: Shekara Saba'in a Kan Dusar Ƙanƙara

Mutanen Kebek suna da wata ɗabi'a da ke ɗaure wa baƙo kai: lokacin da sanyi ya kai intaha, lokacin suke fita waje. A babin da ya gabata mun ga yadda birnin Montreal ya haƙa wa kansa hanyoyi da kantuna a ƙarƙashin ƙasa don gudun hunturu. To, wannan dabarar 'yan birni ce. Mutumin karkara a lardin ba ya ɓuya. Tun daga Disamba yake duban sama yana mitar dusar ƙanƙara ta yi jinkiri, don akwai abin hawa a garejinsa da ya yi wata takwas a lulluɓe yana jiran ta.

Iyalin da zan ba da labarinsu manoma ne a yankin Estrie, kudu maso gabashin Montreal, masu shanun madara da ɗan dajin itatuwan da ake tatsar ruwan zaƙi a jikinsu. Na san su ta hanyar babbar 'yar gidan, abokiyar aikina. Mahaifinta zai cika shekara 70 a Fabrairun 2024, kuma a can shekarun da suka ƙare da sifili ba a barin su su wuce haka nan. Mu da muka tashi a gidajen da tsoho ke lissafa shekarunsa da sarautar wane ko yunwar kaza, abin yakan ba mu dariya, amma su da gaske suke yi. 'Ya'yan suka haɗa kuɗi, suka ce za su kai shi Florida ya sha rana, inda dubban tsofaffin Kebek ke gudu duk hunturu. Dattijo ya ce a kai kasuwa. Abin da yake so shi ne a ɗora kowa a kan babur ɗin ƙanƙara, daga shi har ƙaramin jikan da ƙafarsa ta kai matakala, a shiga daji tare.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba: babur ne marar taya. A gaba yana da dogayen ƙafafu biyu masu santsi, masu ɗan lanƙwasa a baki, su matuƙi ke juyawa. A ƙarƙashin wurin zama akwai faffaɗan bel na roba mai haƙora irin na katafila, shi inji ke juyawa ya tura babur ɗin. Ba kulochi, ba canjin giya. Totur wani ɗan harshe ne da ake dannawa da babban yatsan dama, birki yana hannun hagu. Nauyinsa ya haura kilo 200. Cikin minti goma an koya maka tuƙinsa, kuma wannan sauƙin shi ne babban haɗarinsa.

Gonar iyalin ba ta da nisa da wani ƙaramin gari mai suna Valcourt, kuma duk wanda ya hau wannan babur a duniya akwai bashin garin a kansa. A nan aka haifi Joseph-Armand Bombardier a 1907. Yana ɗan shekara 15 ya ɗora tsohon injin motar Ford a kan majanyin ƙanƙara, ya maƙala masa farfela a baya, ya bi titin garin da shi. Mahaifinsa ya ga farfelar na iya sare kan mutum, ya sa shi ya kwance abin. A 1926 ya buɗe garejin gyaran mota, kuma duk hunturu, idan hanyoyi suka toshe aiki ya yi ƙasa, sai ya koma kan tsohon mafarkinsa. A wancan zamani ba a share hanyoyin karkara. Ƙauye yakan yanke daga duniya na watanni, ba mai shiga ba mai fita sai da doki. A hunturun 1934 ɗansa Yvon, mai shekara biyu, ya kamu da ciwon ciki mai tsanani da ke buƙatar tiyata. Guguwar dusar ƙanƙara ta rufe hanyar asibiti, yaron ya rasu a gida, uban yana da injuna a gareji da ba ko ɗaya da zai iya ratsa hanyar.

Masu ba da labari suna son su ce mutuwar yaron ce ta haifi ƙirƙirar. Ni ina ganin wannan rage wa mutumin haƙƙi ne, don ya riga ya yi shekaru yana gwaji yana faɗuwa. Abin da rashin ya yi shi ne ya raba shi da wasa. A 1937 ya sami rajistar mallakar dabarar da ta warware matsalar, wato ƙafa mai haƙora da ke jan bel, ya fitar da motar B7 mai ɗaukar mutum bakwai. Likitoci da limaman coci da masu kai wasiƙa su suka fara saye. A ƙarshen shekarun 1940 gwamnatin lardin ta soma share hanyoyin karkara, kasuwarsa ta faɗi warwas, ya koma ƙera injunan aikin daji. Sai da aka sami ƙananan injuna marasa nauyi, ɗansa Germain kuma ya gano yadda za a yi faffaɗan bel na roba guda ɗaya, sannan aka fitar da ƙaramin babur mai launin rawaya, Ski-Doo, a 1959. Mafarauta da masu aikin mishan na arewa mai nisa ya yi wa tanadi, sai ga shi masu neman nishaɗi sun yi masa rubdugu. Bombardier ya rasu a 1964 yana da shekara 56, bai ga ranar da wani Ba'amurke mai sayar da inshora, Ralph Plaisted, ya kai ƙuryar arewacin duniya a kan baburansa a Afrilun 1968 ba. Bai kuma ga kamfanin ya shiga ƙera jiragen ƙasa da na sama ba. Jiragen Challenger da Global da attajirai ke hawa, sunan wannan makanikin ƙauye ne a jikinsu.

Dattijonmu yana ɗan shekara biyar aka fitar da Ski-Doo, yana 17 a 1971, shekarar da aka sayar da kusan rabin miliyan na irin waɗannan babura a Arewacin Amurka, kamfanoni fiye da ɗari suna ƙera su. Da kuɗin saran itace ya sayi nasa na farko, ƙaramin samfurin Élan, kuma da shi ya riƙa zuwa zance gidan su marigayiya matarsa. Tsadar man fetur ta 1973 ta share yawancin kamfanonin, amma ba ta taɓa shi ba. Saboda haka da ya ce daji yake so, 'ya'yan sun gane ba rigimar tsufa ba ce.

Sai dai hunturun 2023 zuwa 2024 ya zo da gardama. Shi ne mafi ɗumi da aka taɓa aunawa a Kanada. A Estrie dusar ƙanƙara ta zuba, ruwan sama ya biyo ya wanke ta, gonaki suka fito da baƙar ƙasarsu a tsakiyar lokacin da ya kamata a ce fari fat suke. Dole aka ɗora babura a tireloli aka nufi arewa, har da ni: a wuce birnin Kebek, a bi hanya mai lamba 175 da ta ratsa dajin Laurentides na kusan kilomita 200, a haye kogin Saguenay, a hau duwatsun Monts-Valin. Can dusar ƙanƙara ke riga ko'ina zuwa, ita ce kuma ta ƙarshen tafiya. Tana lulluɓe itatuwa har su rasa kamanninsu, shi ya sa ake kiran wani kwari a wurin da sunan kwarin fatalwa.

Kafin a tashi injin ko ɗaya, ya kamata mai karatu ya san a kan me za a hau, domin a nan ne abin mamakin yake, ba a jikin babur ba. Lardin Kebek yana da hanyoyin babur ɗin ƙanƙara na kimanin kilomita 33,000, masu alamomi da lambobi da allunan nuna gari da gidan mai. Manyan da suka ratsa lardin alamarsu shuɗiya ce, na yanki kore, na unguwa ruwan lemo. Kuma ba ma'aikatar ayyuka ce ke kula da su ba. Kulob-kulob ne kusan 200, a ƙarƙashin wata tarayya da aka kafa a 1974, bayan shekarun hauka na farko, lokacin da matasa ke kutsa kai gonakin mutane suna yanke shinge, wasu wayar shinge na yanke su, wasu tafki na haɗiye su. 'Yan kulob dubbai ne, kusan duk 'yan sa-kai. Su ke fita da kaka su sare itatuwan da suka faɗi, su gyara gadoji, su kafa alluna. Da hunturu kuma, tsakar dare, lokacin da masu yawo ke barci, wani yana cikin katafila yana jan gireda a hankali, yana farfasa tudun da babura suka tara da rana, yana daddaɓe hanya don sanyin asuba ya ƙanƙare ta. Aikin gayya ne, sai dai gayyar da ba a taɓa tashi daga gare ta ba shekara hamsin. Mai hawa yana biyan kuɗin izini na shekara, daloli ɗaruruwa, a manna masa takarda a jikin babur, kuɗin ya tafi man katafila da inshora.

Ƙasar da hanyar ta bi ma, da yawanta ta mutane ce. Manomi ne ke sa hannu ya ba da izinin a ratsa gonarsa, kyauta, kuma yana iya janyewa. Dattijonmu ya fi shekara arba'in yana ba da wannan izini, ya kuma daɗe yana tuƙa katafilar kulob ɗinsu. Ya bayyana mini dalilin da ya sa manomi ke fusata idan aka kauce hanya: dusar ƙanƙara mai laushi bargo ce ga saiwar ciyawar shanu, idan babur ya danne ta sai sanyi ya ratsa ya kashe saiwar, ba za ka ga ɓarnar ba sai bazara, ka tarar da layi a gonarka inda ba abin da ya tsiro. Wannan izini makami ne kuma. A farkon 2017 ƙungiyar manoman lardin ta yi barazanar rufe hanyoyin saboda wani sauyi a harajin gonaki, masu otal da gidajen abinci na karkara suka ɗora hannu a ka, gwamnati ta janye.

Da safen ranar da iyalin za su shiga daji, ma'aunin zafi yana wajen digiri 20 ƙasa da sifili. Shiri kaɗai ya ci kusan awa guda. Ba a sa auduga a jikin fata, don tana riƙe gumi, gumi kuma a wannan sanyi abokin gaba ne. Ulu ake farawa da shi, a bi da wata riga, a rufe da babbar rigar da iska ba ta ratsawa, ga takalmi mai kauri, ga safar hannu, ga hular da ke rufe fuska duka ban da ido, sannan hular kwano, wadda doka ta wajabta. Wata uwa a cikin iyalin tana bi tana duba wuyan kowa da wuyan hannu, domin ɗan wurin da ya rage a buɗe, iskar gudu tana iya ƙone shi cikin mintuna, fatar ta yi fari mai ita bai ma ji ba. Baburan zamani suna da abin ɗumama hannu da babban yatsa. Dattijo ya ce a zamaninsu jarida suke cusawa a ƙirji.

Sannan aka zo kan maganar da kowa ke kaucewa tun a mota: wa zai shiga gaba?

Ayarin babur ɗin ƙanƙara yana da tsari. Na gaba shi ke karanta hanya, shi ke fara ganin kwana da babur mai tahowa da barewar da ta tsaya a tsakiya, shi ke yanke saurin da kowa zai bi. Na ƙarshe shi ke kwashe wanda ya faɗi. Sababbin hannu a tsakiya ake sa su. Tun kafin a haifi 'ya'yansa dattijo ne na gaba. Amma an yi masa aikin ido, kuma a farin fili marar inuwa, rami da tudu duk ɗaya suke ga idon da ya gaji. 'Yarsa ta yi ta juya maganar a bakinta, ta ce, "Baba, da ka bari..." Bai bari ta ƙarasa ba. Ya juya ga jikarsa mai shekara 19, wadda shi ya koya mata tuƙi a bayan garken shanu, ya ce, "Ke za ki ja mu. Ni zan zauna a baya in ga wanda bai iya ba." Ta ce, "Kaka, ko dai tsoron in wuce ka kake yi, ka ba ni tun da girma?" Ya ce ta bari sai ta dawo da mutane goma sha ɗaya cif sannan ta yi baki.

Na sha halartar bukukuwan tsofaffi inda ake jera jawabai ana yabon mai biki har ya fara gyangyaɗi. Ban ga wanda aka girmama kamar yadda wannan mutum ya girmama kansa da wannan jumla guda ba. Ya sauka kafin a sauke shi, ya kuma zaɓi wurin da har yanzu ake buƙatarsa.

Tafiyar kanta ba ta da yawan labari, kuma haka ake so. Doka ta tsayar da gudu a kilomita 70 a awa, yarinyar ba ta kai ko kusa ba saboda masu goyon yara. Ana bin dama. Ba a jin magana saboda ƙarar inji da hular kwano, sai hannu: ɗaga hannun hagu sama, a tsaya; idan an haɗu da wani ayari, kowa ya nuna da yatsu adadin waɗanda ke bayansa, na ƙarshe ya ɗaga dunƙulen hannu. Dunƙulen nan na dattijo ne ranar, kuma ya riƙa ɗaga shi da wani irin iko. Suruki ɗaya, ɗan birni, ya shiga kwana da sauri, ƙafar babur ta zame gefen hanya, ya nutse har ƙugu. Nan na ga amfanin na baya. Ba a danna totur, don bel ɗin haƙa rami zai yi ya ƙara binne kansa. Sai a tattake dusar da ke gaba da ƙafa, mutum biyu su ɗaga bayan babur su ajiye gefe, ɗaya ya ja ƙafar gaba, a ba shi wuta kaɗan kaɗan. Dattijo bai taɓa babur ɗin ba, umarni kawai ya bayar, yana jin daɗinsa ƙwarai.

Wuri ɗaya aka ɗaga murya. Hanya ta zagaye wani tafki, fili shimfiɗaɗɗe fari, ga sawun wasu babura da suka yanke ta tsakiya. Wani jika ɗan shekara 17 ya nemi a bi sawun. A Kebek ɗan 16 yana iya tuƙi idan yana da takardar horo, kuma daga 2021 sai da lasisin tuƙi ake hawa hanyoyin, don haka yaron yana ganin ya cika mutum. Kakan ya kashe inji, ya cire hular kwano a cikin wannan sanyi, abin da ba a yi sai magana ta kai magana. Ya ce sawu ba shaida ba ne, yana nuna maka wani ya shiga ne kawai, bai gaya maka ya fita ba.

Yana da hujja. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada tana ba da shawarar kaurin ƙanƙara ya kai santimita 25 kafin babur ya hau, kuma kauri kaɗai bai isa ba: mai shuɗi-shuɗi garau ita ce mai ƙarfi, fara mai haɗe da dusa rabin ƙarfinta gare ta, mai toka-toka kuwa akwai ruwa a cikinta. Inda ruwa ke gudana a ƙasa, bakin kogi ko mashigar tafki, ƙanƙara na iya zama siririya ko a tsakiyar Janairu, dusa kuma ta rufe ta ba ka gani. A daren 21 ga Janairun 2020, a wannan yanki, wasu 'yan yawon buɗe ido takwas daga Faransa da ja-goransu suka bar hanya mai alama a gefen tafkin Saint-Jean, suka nufi wurin da ruwan tafkin ke fita zuwa kogin Saguenay. Ƙanƙara ta buɗe. Biyar daga cikinsu da ja-goran suka mutu. A ƙarshen shekarar majalisar lardin ta sabunta dokar, aka wajabta wa masu ja-gora horo. Kowa a yankin ya san labarin, kuma a hunturu mai ɗumi irin na 2024 ba a buƙatar maimaita shi sau biyu. Aka zagaye tafkin.

Da rana aka tsaya a ɗaya daga cikin rumfunan katako da ke kan hanya, inda ake samun fetur da murhu da abinci. Babura jere a waje, huluna jere a kan kanta, safar hannu rataye kusa da wuta tana tururi. Abincin mai nauyi ne: soyayyen dankali da cuku da romo a kai, miyar wake, da wani babban fanke na nama da dankali da yankin ya shahara da shi. Galibi akwai naman alade a ciki, don haka ni dankali da cuku na ci, bayan na tambayi abin da aka yi romon da shi. Giya tana nan ga mai so, amma dokar tuƙi cikin maye ɗaya ce da ta mota, 'yan sanda kuma suna sintiri a kan nasu baburan. Iyalin sun bar ta sai dare.

A masauki aka kawo kek da ruwan zaƙin itacen gonarsu a kai. Ba waƙar ranar haihuwa ta Turawan Ingila suka yi masa ba. A Kebek amshin waƙar Gilles Vigneault ta 1975, Gens du pays, ake juyawa a sa sunan mai biki a ciki. Kyautar da 'ya'yan suka ba shi hoto ne: shi da mahaifiyarsu a kan Élan ɗin nan, ba hular kwano, ba komai, gashinta a tashi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce injin nan sai an ja igiya sau ashirin yake tashi, kuma rabin zancensu a kan gyaran fulogi suka yi shi. Aka nemi ya yi jawabi. Ya ce wanda ya daddaɓe hanyar jiya da dare ya san aikinsa, amma ya bar tudu a kwanoni biyu bayan gada, kuma da za a ba shi lambar kulob ɗin da ya kira ya gaya musu. Jikarsa ta ce, "Kaka, mutane goma sha ɗaya, ka ƙirga." Ya ƙirga da yatsa a gaban kowa, har da ni.

Kafin a watse ya sanar da cewa idan ya kai 80 zagayen yankin Gaspésie za a yi, tafiyar kusan mako guda a bakin teku. 'Yarsa ta ce, "Baba, sai abin da likita ya ce." Ya ce likitan ɗan kulob ɗinsu ne, kuma ta gonarsa yake bi.